Maharazu da Ƙafarsa ta Hagu

Ku yaran yanzu, magana ɗaya ce ta gagari bakinku: "ban sani ba." Gara a zare muku haƙori da filaya da ku furta ta. Kowa gwani, kowa malami, kowa ya taɓa yi a wata ƙasa. Yaron da bai gama iya ɗaure wando ba, sai ka tarar da shi yana koya wa likita riƙon allura. To ku ajiye wayoyin nan ku ji abin da baki ya jawo wa Maharazu direba, wanda gemu ya fito masa amma hankali ya tsaya a hanya.

Shekara goma sha huɗu Maharazu ya yi yana jan wata tsohuwar bas ta Hajiya 'Yardada ta unguwar Kabara. A bayan motar an rubuta "Sai Haƙuri," kuma wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba. Ba ta tashi sai an tura ta. Madubanta na gefe sun daɗe da faɗuwa. In ta taho, tun daga Gadon Ƙaya ake jiyo tarinta. Amma da ita yake ci da matarsa da 'ya'ya huɗu, kuma Hajiya ba ta taɓa karɓe mukulli ba ko sau ɗaya, duk da surutunsa.

Surutun kuwa a gindin darbejiyar da ke kusa da Ƙofar Ɗan Agundi yake zuba shi, inda direbobin bas ke zama a kan benci biyu suna jiran layi, suna shan shayi, suna yanke wa kowace mota hukunci.

Ranar wata Alhamis da hantsi, cikin zafin bazara, suna zaune sai ga wata farar bas ta sulalo ta tsaya a gabansu. Ba ƙara, ba hayaƙi. Akuyar da ke kwance a bakin titi ko kai ba ta ɗaga ba. Ƙofa ta buɗe kanta da kanta, Alhaji Ɗayyabu mai goro ya sauko. A bayansa akwai wani ma'aikacin kamfanin da ya kawo motar, riƙe da littafi mai kauri.

Bayan an gaisa, Alhaji ya dubi Baffa, dattijon da ke shugabantar direbobin wurin, ya ce, "Baffa, ga ta na sayo. Ba ta shan fetur, caji ake mata a gidana. Direba nake nema. Yau sunan jikana a gidan surukai, can Dukawuya. Matan gidanmu za su tashi daga Kabara da abinci bayan azahar. Wanda ya kai su lafiya, mukulli ya zama nasa."

Nan take aka watse daga benci aka kewaye motar kamar an kawo amarya.

Baffa ya kara kunnensa a jikinta, ya daɗe, sannan ya girgiza kai. "Motar da ba ta ƙara, munafuka ce. Mutum ma in ya cika shiru, a ji tsoronsa. Ni shekara arba'in da kunne nake tuƙi."

Auwalu, wani siririn direba mai yawan tsoro, ya ce, "Wuta fa aka ce take ci, kamar waya. To in aka ɗauke wuta kana tsakiyar titi da fasinja goma sha takwas, yaya ke nan?"

Wani ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya yi ihu, "La ilaha illallahu! Abin takawa biyu ne kawai! Ina kuloci?"

"Gurguwa ce aka sayar wa Alhaji," in ji wani.

"Ba sandar giya ma. Wani abu ne kamar murfin kwalba."

"Wannan ba za ta hau gada da kaya ba."

"In ta sha kwana, kifewa za ta yi. Ku dubi tsayinta."

Ba wanda ya taɓa ko zama a kujerarta, amma kafin shayi ya huce an gama sanin duk cututtukanta. Baffa ya juya ga Salisu, wani direba da ba ya magana sai an tambaye shi. "Kai fa, me ka gani?"

Salisu ya sosa ƙeya. "Ni dai ban san ta ba, Baffa. Sai na ga yadda ake yi."

Aka bushe da dariya. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Maharazu. Sai da ya gama ya share hawaye, ya gyara hula, ya matso gaban Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ka yafe musu, ƙauyanci ne. Wannan ai ƙaramar ce. Uwarta na ja a Jidda, shekara biyu ina ɗaukar alhazai. Irin motar nan da ɗan yatsa ake murza ta. Tafiyarta kamar kwale-kwale, kwanarta kamar maciji, birkinta kuwa kamar ka ɗora kai a matashi."

Baffa ya ce, "Jidda? Wace shekara ke nan? Ni dai tun da ka fara aske gashin baki ban ga ranar da ba ka kan bencin nan ba."

"Lokacin kana jinyar ƙafa ne, Baffa."

"Kwana tara na yi a kwance."

"To ai kwanan ciwo tsawo gare shi."

Alhaji Ɗayyabu mutumin kasuwar goro ne, bai san halin 'yan tasha ba. Ya ga mutum yana magana ba ko ƙifta ido, ya ɗauka gaskiya ce. Ya miƙa masa mukulli. Ma'aikacin kamfanin ya matso da ladabi ya ce, "Malam direba, awa ɗaya kawai nake so in nuna maka yadda take. Ta bambanta da waɗanda kuka saba."

Maharazu ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗan'uwa, ranar da na fara riƙe sitiyari kana tsotsar yatsa. Je ka huta da littafinka."

Mutumin ya koma gefe. Salisu ne ya ja shi benci, ya sa aka haɗa masa shayi da burodi, ya zauna kusa da shi yana yi masa tambayoyi kamar ɗan makaranta. Direbobi suna nuna shi suna cewa, "Ku ga Salisu ya koma aji ɗaya."

Da aka sallame azahar, Alhaji ya wuce Dukawuya don ya jira su. Baffa, wanda ya sha farar babbar riga saboda suna, ya shiga ya zauna a bayan direba. Auwalu ma ya shiga, ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

Maharazu ya hau. Abin da aka ba shi a matsayin mukulli wani abu ne kamar kwalin ashana, ba tsini, ba haƙora. Ya laluba dama, ya laluba hagu, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ramin da zai zura shi babu.

"Me ka rasa?" in ji Baffa.

"Dubawa nake ko sun haɗa ta daidai. Ba a yarda da 'yan kamfani."

Cikin lalube hannunsa ya danna wani madanni. Fitilu suka kawo, wani ɗan allo ya haska. Maharazu ya kasa kunne yana jiran tari. Shiru. Ya jira girgiza. Shiru. A iliminsa na shekara goma sha huɗu, motar da ba ta yi tari ba, ba ta tashi ba. Kuma maganin wannan ciwo ɗaya ne a duniya.

Ya leƙo ta taga. "Batirinta ya yi sanyi. Haka suke yi in sun sha iskar teku. Jama'a, a tura!"

Ƙarti takwas suka sa kafaɗa. Suka yi nishi, suka yi salati, jijiyoyin wuya suka tashi. Motar ko gezau. Mai shayi ma ya bar tukunya ya zo ya sa hannu. Sai can Salisu ya ɗaga murya daga benci, "Maharazu, bawan Allahn nan ya ce a kunne take tun ɗazu. Wai ka murɗa murfin kwalbar nan zuwa dama."

"Na sani! Ƙarfinku nake gwadawa."

Ya murɗa, ya taka totur kamar yadda yake taka na Sai Haƙuri, wato har ƙasa. Motar ta yi tsalle kamar an tsikari doki. Ƙarti takwas da mai shayi suka zube a ƙasa, rub da ciki, a jere.

Ba su yi nisa ba aka zo wurin da ya kamata a sauya giya. Ita ƙafar hagu ta Maharazu ba ta neman izininsa. Shekara goma sha huɗu tana tashi da kanta ta taka kuloci. Ta tashi, ta nemi kuloci, ba ta samu ba, ta sami birki mai faɗi, ta danna shi da dukan ƙarfinta.

Goshin Baffa ya gaisa da bayan kujera. Hularsa ta wuce gaba ta zauna a kan allo. Auwalu ya tsinci kansa a durƙushe a ƙasa kamar mai neman gafara.

"Wannan ne matashin da ka ce?" in ji Baffa, yana shafa goshi.

"Sabon birki ne. Sai ya saba da ni."

"Birkin nan zuciya gare shi," in ji Auwalu. "Na faɗa muku motar nan ba ta son mutane."

Ga kuma wata ƙara da ta fara tun da suka tashi, ƙit, ƙit, ƙit, ba ta fasawa, domin direba bai ɗaura bel ba. Baffa ya ce, "Me kuma take cewa?"

"Gaisuwa take. Motocin Jidda akwai ladabi."

"Tun daga Ɗan Agundi ba ta gama gaisuwar ba?"

"Haka Larabawa suke, Baffa. Ba ka je ba ne."

Kafin su kai Kabara, sau huɗu ƙafar hagu ta yi aikinta. Baffa ya sauko da hular a hannu, ya ce ya fasa sa ta sai an isa.

A ƙofar gida mata goma sha huɗu na jira, sun sha ado, ga kwalla cike da funkaso, ga alkaki, ga wata ƙatuwar tukunyar miyar taushe. A gabansu Hajiya 'Yardada, yayar Alhaji Ɗayyabu, wadda tun asuba take tsaye a kan miyar nan. Ta ga wanda ke kan sitiyari, ta dafe ƙirji.

"Kai Maharazu, me kake yi a nan? Ina motata?"

Da yana da hankali, da nan ya yi shiru. Amma mata goma sha huɗu na kallonsa, ga shi cikin farar mota. Ya zaro tsohon mukullin Sai Haƙuri, mai ɗaure da igiyar takalmi, ya miƙa mata da yatsa biyu kamar mai riƙe da mataccen ɓera.

"Ga amanarki, Hajiya. Allah ya ɗaga ni. Ki nemi mai tura ta."

Hajiya ta karɓa, ta dube shi, ta ƙulle mukullin a bakin zane. "To. Na ji. Allah ya sa ɗagawar ba ta shaho ba ce, wanda ke ɗaga ɗan tsako." Sannan ta nuna tukunya. "Miyar nan kabewa uku na sa mata. In ka zubar min da ita a gaban surukai, ni da kai ne."

Maharazu ya ɗaga yatsa sama. "Wallahi, Hajiya, ko ɗigo ba zai zuba ba."

"Ba na son rantsuwa."

"Wallahi kuma kafin a kira la'asar kuna Dukawuya."

"Na ce ba na son rantsuwa, ɗan nan."

"Kuma wallahi ko ƙwarzane motar nan ba za ta yi ba a hannuna."

"Uku ke nan," in ji Hajiya. "Mata, ku riƙe lissafi."

Aka shiga. Aka ajiye tukunya a tsakiya, daidai bayan Baffa. Mata suna ta yaba sanyin ciki da laushin kujera. Wata ta ce ko a asibiti ba ta ga tsabta irin wannan ba. Maharazu ya ji kansa ya ƙara girma. A zuciyarsa yana ta jan kunnen ƙafarsa: ki zauna, ki natsu, kar ki motsa.

Ta natsu har suka wuce gida goma. A na sha ɗaya ta tashi.

Murfin tukunya ya yi gaba, miya ta bi shi. Rabin taushen Hajiya ya sauka a bayan farar rigar Baffa, daga wuya har kugu, da ganye da ƙashi da komai. Funkaso ya watse yana gangarawa ƙarƙashin kujeru. Mata suka haɗa baki da salati.

"Ɗaya ta tafi," in ji Hajiya, a sanyaye.

Baffa ya kai hannu baya. Ya ciro wani ƙashi daga cikin wuyan rigarsa, ya duba shi, ya ajiye.

Maharazu ya ga in bai yi dabara ba ƙafar nan za ta kashe shi. Ya kwance igiyar da aka ɗaure kwallar funkaso da ita, ya durƙusa ya ɗaure idon sawunsa na hagu a jikin ƙarfen kujera. Ƙulli uku ya yi, irin na 'yan dako, wanda ba ya kwancewa sai da wuƙa.

"Me kake yi?" in ji Auwalu.

"Haka ake yi a Jidda. Kowace mota da igiyarta take zuwa. Ta wannan ce 'yan kamfani suka sace."

Dabarar kuwa ta yi aiki, don in faɗi gaskiya. Ƙafa ta yi ta fizga kamar akuya a turke, amma ba ta kai ga birki ba. Sai dai an ɓata lokaci wajen tsince funkaso da goge miya, rana ta karkata, babban titi kuma ya cushe. Maharazu ya tuna rantsuwa ta biyu. Ya kuma tuna Lungun Wanzamai.

Lungun nan ya ratsa tsakanin tsofaffin gidajen ƙasa, yana yanke hanya sosai. Kullum ta nan yake bi da Sai Haƙuri. Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, Sai Haƙuri ba ta da madubi ko ɗaya, gajeriya ce, kuma gefunanta sun lotse sun yi daidai da lungun kamar tela ne ya auna.

"Maharazu," in ji Baffa, "ba za ta shiga ba."

"Baffa, lungun nan da ido rufe nake bin sa."

Yana karya kan mota, sai gaisuwar ta sauya. Ta zama ƙit-ƙit-ƙit da sauri, daga dama, daga hagu, daga gaba. Allo ya koma ja.

"Ɗan nan," in ji Hajiya, "ni ban je Jidda a mota ba, amma na yi goyo. Wannan ba gaisuwa ba ce, kuka ne."

"Matsoraciya ce, Hajiya. Ba ta saba da cikin gari ba. Mota ba ta ba direba umarni."

Madubin dama ne ya fara tafiya. Ƙaras. Sannan wani indararo da ya leƙo daga saman soro ya kama rufin motar, ya bi shi da zane tun daga gaba har baya, da wata ƙara mai sa haƙora tsami. Ƙit-ƙit ɗin ta zama kuka ɗaya dogo. Motar ta ƙara taku biyu ta tsaya cak. Bango a dama, bango a hagu, ko takarda ba za ta wuce ba.

"Biyu," in ji Hajiya.

Ba ta rufe baki ba ladanin masallacin unguwar ya ɗaga murya da kiran la'asar.

"Uku. Alhamdu lillahi, lissafi ya cika."

Mata suka fara hayaniya. Wata na cewa a buɗe ƙofa, ƙofa kuwa bango ya tokare ta. Auwalu, da ya zaɓi kujerar kusa da ƙofa don gudu, ya fara karanta duk addu'ar da ya sani. Yara suka cika bayan mota, manya suka leƙo ta kan katanga.

"Ku kwantar da hankali," in ji Maharazu, gumi na bin gemunsa duk da sanyin motar. "Ribas kawai zan yi."

Ya murɗa murfin kwalbar zuwa hagu. Ashe ya dace, ribas ɗin ke nan. Nan take allon ya kawo hoto: ga wani lungu, ga yara suna tsalle, ga mai kurar ruwa ya tsaya yana riƙe da haɓa. Bayan motar ne take nuna masa don ya ga hanya. Maharazu ya zura wa allon ido.

"Wa ya kunna fim?"

"Fim?" in ji Hajiya. "Ana kiran salla kana kunna mana fim? Kashe shi, mara kunya!"

Ya yi sauri ya mayar da murfin inda yake da. Hoto ya ɓace. Ya sauke ajiyar zuciya, ya murɗa wuyansa yana kallon baya ta kan kawunan mata, kamar yadda kowane direban kirki ke yi, ya ce, "Yara, ku kauce!" Ya taka totur.

Motar ta yi gaba.

Kusurwar katangar da ke hagu, wadda ta ga kakannin kakanni, ta yi wani nishi ta zube ciki. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, sai ga tsakar gida a buɗe, ga Malam Isma'il, malamin da duk unguwar ke kai wa tambayar addini, zaune a kan tabarma. Wanzami na tsaye a kansa da aska. Rabin kan an aske tas, rabi na nan da kumfa. Allah ya kiyaye, ko tsakuwa ba ta taɓa su ba.

Malam ya dubi motar da ta leƙo masa gida, ya dubi direba, ya ce, "Wa alaikumus salam. Ko da yake ban ji sallamar ba."

A nan ne jarumtar Maharazu ta ƙare. Ya ga faɗuwar katangar ta buɗe masa hanya a gefensa. Ya ga mutane na ɗaga wayoyi. Zuciyarsa ta ce masa, gudu ba tsoro ba ne. Ya banka ƙofa ya yi tsalle da dukan ƙarfinsa.

Duk jikinsa ya fita, ban da ƙafar hagu. Ita da aka ce ta zauna, ta zauna.

Ya rataye a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ƙafa a sama, riga ta rufe masa fuska, hannuwa na iyo a cikin ɓaraguzan katanga. Ƙullin 'yan dako bai ci amana ba. Lungu ya ɗauki ihu. Wanzami ya yi dariya har sai da ya ajiye aska.

Hajiya 'Yardada ta miƙo kai ta saman kujerar direba, ta leƙa shi.

"Maharazu, haka ake sauka a Jidda?"

Baffa ne ya buga wa Alhaji waya. Ba a jima ba sai ga shi a adaidaita sahu, tare da Salisu da ya biya ya ɗauko a tasha. Wanzami ya yanke igiya da askarsa, Maharazu ya faɗo tim. Salisu ya tsallake shi ya hau, ya yi bisimilla, ya ɗaura bel. Ya naɗe ƙafarsa ta hagu can baya. Ya danna wani abu, madubin da ya rage ya lanƙwashe kansa kamar kunnen zomo. Ya murɗa murfin, fim ya dawo.

"Hajiya, ku yi haƙuri da fim ɗin," in ji shi. "Bayanmu ne."

A hankali, yana kallon allo, yana tsayawa duk sanda ta yi ƙit, ya zare motar daga lungun kamar ana zare zare daga allura. Ragowar miyar ko motsi ba ta yi ba.

Baffa, da miya ta bushe masa a baya, ya ce, "To Salisu, yanzu me ka gani?"

"Ba ta da laifi, Baffa. Ƙafa ɗaya take so, da kunne biyu."

Ba a kai maganar ko'ina ba, a bakin lungun aka yanke ta bayan an yi salla. Alhaji ya karɓi mukullin nan mai kama da kwalin ashana daga aljihun Maharazu ya danƙa wa Salisu, bai ko ɗaga murya ba. Malam Isma'il, da hula a kan rabin aski, ya ce shi ba ya son komai, katangarsa kawai yake so, kuma hannun da ya rushe ta shi zai kwaɓa ƙasa ya tayar da ita. Sai Hajiya ta ce, "Malam, akwai saura." Ta lissafa masa rantsuwa uku, kowace da abin da aka rantse a kai, sauran mata goma sha uku suka shaida.

Malam ya ce, "Rantsuwa uku a kan abu uku, kaffara uku. Ka ciyar da mabuƙata talatin. In ba ka da hali, azumi tara."

Mutumin da ya rasa aiki biyu a yini ɗaya, ina ya ga halin ciyar da talatin?

Washegari da sassafe ya je Kabara ya durƙusa a zauren Hajiya, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ta dubi 'ya'yansa ta maido masa da mukulli.

"Shaiɗan bai je Jidda ba, kai ka je," in ji ta. "Mukulli kuwa tun jiya na ba Auwalu. Matsoraci ne, amma matsoraci ba ya shiga gidan mutane da mota. Sai dai don 'ya'yan nan, ba zan bar ka haka ba. Kai ka ce in nemi mai tura ta. To na samu."

Haka Maharazu ya yi kwana tara yana kwaɓa ƙasar gini da ƙafa a Lungun Wanzamai, da azumi a bakinsa, cikin ranar bazara, yara na wucewa suna gaishe shi da "Alhaji, ya Jidda?" Katanga ta tashi, azumi ya ƙare, amma turin mota bai ƙare ba. Har yau, duk wanda ya bi ta Ƙofar Ɗan Agundi da safe zai gan shi a bayan Sai Haƙuri, kafaɗarsa daidai kan rubutun, yana turawa har ta yi tari, sannan ya bi ta da gudu ya ɗafe ƙofa yana kiran fasinja. Farar motar takan sulalo ta wuce shi, Salisu ya ɗaga masa hannu. Ba ya jin zuwanta, sai dai ya ga bayanta.